Kwalbar Maganin Kofur Ziblim

A duk faɗin unguwar Maamobi ta birnin Ankara, kai har a haɗa da Nima da Alajo, ba a taɓa yin tuba irin ta Kofur Ziblim ba. Shekara bakwai cur giya ba ta taɓa leɓensa ba. Wannan magana ce mai shaidu. A gaban jama'a ya fasa kwalbarsa ta ƙarshe a jikin dakalin masallaci, kuma har yau wuyan kwalbar yana kan tagar masallacin, inda liman Malam Mansuru ya ajiye shi don masu ɗaukar darasi. Duk mashayin da aka kawo wa Malam, sai ya nuna masa wuyan kwalbar, ya nuna masa Kofur a sahun gaba, ya ce, "Wancan da a kwata yake kwana. Dube shi yanzu." Wanda ya ƙi ɗaukar darasi kuwa ya san makomarsa, don Malam Mansuru ba ya sallatar gawar mashayi. Sau biyu aka gwada shi a unguwar. Mutum huɗu suka kai kowace gawa maƙabarta, da sauri, kamar masu gudu da kayan sata.

Abin da Kofur yake sha yanzu magani ne.

Matarsa Abibata ta fi kowa sanin maganin, don a ƙarƙashin gadonta yake zaune, cikin wata koriyar kwalba mai kusurwa huɗu. Wani mai magani ne ya zo daga arewa, shekara uku bayan tubar, ya duba ciwon bayan Kofur da rawar da hannunsa ke yi da safe, ya ba shi sassaƙen maɗaci da saiwar tafashiya da kimba. Ya ce amma ruwan famfo ba ya iya fizgo ƙarfin itace, sai an jiƙa su a akpeteshi, giyar nan da ake dafawa a ɓoye, wadda gwamnati ta hana. Kofur ya yi a'uziyya sau uku, sannan ya tambayi yawan da ake zubawa. Hujjarsa ba ta da wuyar ganewa. Giya daɗi ake nema a cikinta. Wannan kuwa ɗacinsa har murɗe fuska yake yi. Ina aka taɓa jin zunubi mai ɗaci?

Da cokali aka fara. Daga cokali aka koma finjali, daga finjali aka koma kofin ƙarfen da ya dawo da shi daga yaƙin Boma, lokacin yana soja. Shekara huɗu ba a sake saiwoyin ba, har sun yi fari kamar ƙasusuwan kaza. Ruwan da ke kansu ne kawai ake sabuntawa. Kuma tunda bai dace a ga tubabbe a ƙofar Anti Dede ba, matar nan 'yar ƙabilar Ga mai sayar da abin a bayan kwata, Abibata ce mai zuwa. Takan je da kwalbar manja a ƙasan kwandon cefane, ta rufe da tumatir.

Sana'arta shinkafa da wake. A kasuwar Malam Atta kowa ya san tukunyarta. Ta san yawan karan dafin da ke ba abinci launi, ta san kanwar da ba ta kashe ɗanɗano. 'Yan dako sukan yi layi tun hantsi suna "Mma Abiba, a ƙara yaji, Mma Abiba, ƙanzon nawa ne yau." Sunan nan da tukunyar nan, su ne kaɗai abin da ta mallaka a birnin Ankara.

Wata ranar Talata ta dawo daga kasuwa bayan la'asar, ko gammo ba ta sauke ba.

"Ke. Maganina ya ƙare."

"Shekaranjiya fa na cika shi, Kofur."

"Tarihi na tambaye ki?"

Yana zaune a bakin gado da carbi. Ta dube shi sosai. Farin idonsa ya koma rawaya, ƙafafunsa sun kumbura har igiyar takalmi ta shata masa layi.

"Baban Fusena, idonka fa ya canja. Ni dai ina ganin abin nan, abin da ne. Warinsu ɗaya."

"Me kika ce?"

"Na ce a rage."

"A'a. Kafin nan."

Ba ta maimaita ba, bai kuma jira ba. Ya rataye carbin a ƙusa, ya tura ƙyaure, ya kwance ɗamarar soja da yake ɗaurawa a ƙarƙashin riga, mai kan tagulla. Kofur mutum ne mai tsari. Ba ya dukan fuska a ranakun kasuwa. Baya da cinyoyi yake bi, wuraren da zani ke rufewa, yana yi yana lissafa mata laifinta: ta kira maganinsa giya, ta kira shi maƙaryaci, ta kira liman maƙaryaci, ta kira duk wanda ya tsaya a gaban masallaci ranar nan maƙaryaci. Kan tagullar ya sami ƙashin kafaɗarta sau biyu a wuri guda, ta ji fatar ta buɗe. Ɗaki goma sha ɗaya ne a gidan. Matan tsakar gida suka ƙara wa taɓaryar sakwara ƙarfi.

Da ya fita sallar magariba, yayarsa Lamisi, mai ɗakin da ke kallon nasu, ta shigo da ruwan zafi da man kaɗanya.

"Juya. Ke ma dai bakinki ba ya jin magana."

"Yaya, giya yake sha."

"Kul! Kar na sake ji. Kin manta lokacin da yake sha? Da ƙafar kujera yake dukanki, a tsakar gida, tsirara. Yanzu ɗamara ce, kuma yana rufe ƙofa. Ki gode wa Allah. Mutumin da ya ga Boma, ana yi masa haƙuri."

Abibata ta gode wa Allah. Washegari ta je gidan Anti Dede.

Kafin wata biyu cikin Kofur ya fito kamar na mai wata takwas, sauran jikin kuma yana zubewa. Wata safiya ya yi tari, ya tofar da abu baƙi a gefen randa. Aka ɗauke shi a mota zuwa babban asibiti, Abibata da Lamisi suna riƙe da shi.

Likitan saurayi ne mai gilashi, ba ya jin Hausa, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Zongo, unguwar masu jin Hausa, ce ke fassara. Ya buga cikin da yatsa, ya ja fatar ido, ya sunkuya kusa da bakin Kofur, ya ɗago da sauri.

"Likita ya ce, Baba, kana shan giya?"

"Faɗa masa shekara bakwai ban taɓa ta ba. Ya aika Maamobi ya tambaya."

Ta faɗa. Likita ya cire gilashi ya goge.

"Ya ce, da can fa?"

"Da can jahiliyya ce. An yafe."

"Ya ce shekara nawa?"

"Sha biyar," in ji Lamisi. "Amma ya fasa kwalba."

Sai likita ya juya ga Abibata, ya yi tambaya a hankali.

"Mma, ya ce ke ce mai ba shi abinci. Me yake sha da safe?"

Abibata ta ji idon mijinta a wuyanta. Ta kuma ga cikin nan mai sheƙi da jijiyoyi shuɗɗa a kansa.

"Magani. Saiwoyi."

"A cikin me aka jiƙa?"

Ta faɗa.

Likitan bai yi faɗa ba. Ya zana wani abu a takarda, ya baƙanta fiye da rabinsa da alƙalami. Ma'aikaciyar ta ce wannan hanta ce. Shan da ya yi a da ya cinye wannan, ba zai dawo ba. Da ɗan farin da ya rage yake rayuwa, kuma shi maganin yake ci yanzu. Ta ce mutumin da giya ta taɓa mallaka, cokali ɗaya ya isa ya mayar da shi inda ya fito, ko da zamzam aka gauraya. In ya bari yau, watakila ya ga jikoki sun girma. In bai bari ba, kar su sayi sabuwar riga don sallar layya.

Kofur ya yi godiya da Turancin bariki, har da ƙamewa. Suka fito zuwa tashar mota. A can, a tsakiyar masu jiran mota, ya ware hannu ya mare ta a kunnen hagu da dukkan abin da ya rage masa na ƙarfi. Wani abu ya fashe a cikin kanta kamar an taka ƙwai. Ta faɗa kan kwandon wata mai lemo. Da ta miƙe, jini na bin wuyanta, bakin mutane na motsi amma daga hagu ba ta jin komai sai wani shuu, irin na ruwan sama a kan kwano.

A cikin mota Lamisi ta zauna ta damanta, don ta ji da kyau.

"Kin ji daɗi? Kin tona asirin mijinki a gaban kafiri. Shi me ya sani game da tuba? Allah da kansa ya yafe, sai hanta ce za ta ce ba ta yafe ba?"

Abibata ta gwada dabara. Ta cika koriyar kwalbar da ruwan famfo, ta ƙara sabon maɗaci don ɗaci. Kwana ɗaya dabarar ta yi. A na biyu Kofur ya tashi yana karkarwa, gumi na zuba, yana kaɗe kyankyasan da shi kaɗai ke gani daga jikin rigarsa. Ya kurɓi kofin, ya tsaya, ya sake kurɓa. Sannan ya fito tsakar gida inda take sauke tukunyar kasuwa daga murhu. Ya sa ƙafa ya hankaɗe tukunyar. Shinkafa da wake mai tururi ta zubo mata a ƙafar dama, daga gwiwa har yatsu. Tana ihu yana bin ta da itacen wuta.

"Kashe ni za ki yi! Kin haɗa baki da likita! Kin hana mara lafiya maganinsa!"

Maƙwabta maza biyu suka riƙe shi, suna "Haƙuri, Kofur, jikinka ba ƙwari." Ita kuwa aka ce ta shafa gishiri.

Da fatar ta fara kamewa, ta ɗingisa zuwa zauren Malam Mansuru. Ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Allah gafarta Malam, a kan Kofur ne. Abin da yake sha..."

"Yana shan wani abu ne?"

"Yana sha. Kullum. Likita ya ce shi zai kashe shi."

Malam ya gyara zama. Daga inda yake yana hango tagar masallaci.

"Shi me ya ce abin?"

"Ya ce magani."

"To. Mutum baligi, mai hankali, mai sahun gaba, ya ce magani. Ke kin yi karatun da za ki ce ba magani ba?"

"Ni nake sayowa, Malam. Na san inda..."

Ya ɗaga hannu. "Abin da ban ji ba, ba za a tambaye ni shi ba ranar gobe. Ke ma ki kiyaye harshenki. Mace rufin asirin mijinta ce. Wannan ƙafar fa?"

"Tukunya ce."

"A riƙa kula da tukunya."

Ranar Alhamis ta gaba ta koma bayan kwata da kwandon cefane. Anti Dede na zaune a kan gwangwani tana fifita, ta tarbe ta da Hausarta ta kasuwa, wadda ba ta raba mace da namiji.

"Ei, Abiba, ka zo kuma? Wannan ciwon bayan mijinka, ko jaki bai da irinsa. Kawo kwalba. Kai kuma me ya ci ƙafarka?"

Ba a kai ga amsa ba. Motar 'yan sanda ta tsaya a bakin lungu, aka yi ta gudu ana tsallake kwata. Anti Dede, duk girman jikinta, ta ɓace ta wata kafa a jikin langa-langa. Mai ƙonanniyar ƙafa da kunne ɗaya ce ta ƙarshen ji, ta kuma kasa gudu. Aka same ta tsaye da kwalbar manja cike har wuya da abin da ba manja ba.

Saje ya ce kowa ya ɗauki shaidarsa a ka. Haka aka jero su biyar a kan babbar hanya da tsakar rana, maza huɗu da Mma Abiba mai shinkafa da wake, kwalba a kan gammonta. Hanyar ofishin 'yan sanda ta gaban masallaci ta bi, kuma daidai lokacin aka sallame azahar.

Ta ga Kofur a kan dakali, yana neman takalminsa da ƙafa. Ta ga lokacin da ya gan ta. Ta ga ya dubi kwalbar, ya dubi jama'a, ya dubi Malam Mansuru. A ɗan wannan tsakanin, sai da ta yi tsammanin zai ce wani abu.

Ya kuwa ce.

"Innalillahi! Jama'a, ku gani! Shekara bakwai ina gudun abin nan, ashe yana kwana a ɗakina!"

Mutumin da da safe sai an riƙe shi yake zuwa makewayi, shi ne ya tsallako dakali da ɗamara a hannu. Wannan karon bai bi tsari ba. Kan tagullar ya sauka a goshinta, ya sauka a leɓenta. Ta faɗi, ya taka ƙonanniyar ƙafar da diddige, sabuwar fatar ta saɓule. Ya fizgi kwalbar ya maka ta a jikin dakalin nan dai, warin ya tashi ya cika hanya, wani ya yi kabbara, sahu guda suka amsa. Sai da saje da kansa ya rungume shi ta baya.

"Ya isa, tsohon soja, ya isa. Matarka ce?"

"Kaddarata ce."

Saje ya dubi abin da ke kwance a ƙasa, ya ga kotu ba ta da abin da za ta ƙara. Ya sara wa Kofur, ya bar masa ita. Da yamma tagar masallaci ta sami wuyan kwalba na biyu.

Kwana uku tana kwance. A na huɗu ya taɓa ta da yatsan ƙafa.

"Maganina ya ƙare."

Ta dube shi da idon da ke buɗuwa.

"Yanzu ai ba ki da abin ɓoyewa," in ji shi. "Ba sai kin sa tumatir ba."

Ta koma kasuwa bayan mako biyu. Ta dafa tukunya guda kamar kullum. 'Yan dako suka wuce ta gabanta suna duban wani wuri. Wani tsoho da ya shekara shida yana ci a wurinta ya tsaya daga nesa ya ce, "Mma Abiba, ba don komai ba, amma hannu ne. Mutum bai san abin da hannu ya taɓa ba." Ta rage zuwa rabin tukunya, sannan kwata. Yaran unguwa suka yi mata waƙa, Abiba mai kwalba, da tafi.

Fusena, 'yarsu ɗaya tilo, ta zo daga gidan mijinta a Alajo da jariri a baya. Ba ta zauna ba.

"Mma, me Baba ya yi miki? Mutum ya fito daga abin nan da ƙyar, ke kuma ki shiga? Kin san abin da dangin mijina ke faɗa?"

Abibata ta buɗe baki. Koriyar kwalbar tana nan ƙarƙashin gado, taku biyu daga inda Fusena ke tsaye. Sai ta tuna yarinyar nan tana 'yar shekara tara, tana jan ubanta daga kwata da hannu biyu, yara na jifanta suna kiranta 'yar bugagge. Ta tuna ranar da aka fasa kwalba, yadda Fusena ta dawo gida da gudu tana dariya tana kuka. A bayan labule Kofur ya yi tari.

"Kawo shi in gani," in ji Abibata. "Ya fara haƙori?"

Kofur bai kai sallar layya ba. Wata safiya da hantsi ya ce a kawo tasa. Ya cika ta da jini, ya fara cika ta biyu. Abibata ta tallafe kansa. Ba nauyi, kamar ƙwarya.

"Maganina," in ji shi.

"Baban Fusena, ka yi kalmar shahada."

"Maganina. Ke."

Ya ɗaga hannu, ta runtse ido don sabo, amma hannun bai kai ba. Ta jawo kwalbar, ta zuba a kofin Boma, ta kai bakinsa. Bai iya haɗiya ba. Abin ya gangaro ta gefen baki, ya jiƙa gemu da wuyan riga da ƙirji. Haka ya cika, da kofi a haɓa.

Kafin azahar gidan ya cika. Malam Mansuru ya shigo ɗakin da mutum biyu masu wanka. Na farkon ya sunkuya zai cire wa mamaci riga, ya ɗago, ya dubi na biyun. Na biyun ya shaƙi iska, ya durƙusa, ya miƙa hannu ƙarƙashin gado. Ya fito tsakar gida da koriyar kwalba a ɗage, fararen saiwoyi na yawo a ciki.

Kuka ya tsaya.

Malam Mansuru ya tsaya a bakin ƙofa. Duk unguwar ta san ƙa'idarsa, ta kuma san sau biyun da ya cika ta. Dangin mijin Fusena na zaune a jere a kan benci. Malam bai dubi gawar ba, bai dubi kwalbar ba. Abibata ya duba, kuma ta gane kallon. Kallon mai roƙo ne.

"Gemunsa na wari. Rigarsa na wari. Ina tambaya a gaban Allah da jama'a, wannan kwalbar ta wace ce?"

Abibata na zaune a ƙasa kusa da randa. Ba ta buƙatar dogon tunani. Gaskiya na nan a bakinta, guntuwa ce, ba ta fi kalma biyu ba. In ta faɗe ta, mutum huɗu za su ɗauki Kofur da sauri ta bayan gida, Fusena kuma ta koma Alajo 'yar bugagge, a wannan karon har abada. Nata sunan kuwa ya riga ya mutu a gaban masallaci, an yi masa kabbara. Ba ta ga amfanin gawa biyu a gida ɗaya ba.

Fusena na durƙushe, hannu biyu a ka, tana kallonta.

"Tawa ce."

"Warin da ke jikinsa fa?"

"Ni na zubar masa. Ina tallafe da shi, kofina na hannuna. Hannun ne ya yi rawa."

Malam Mansuru ya sauke numfashi, irin na wanda gugarsa ta kusa faɗawa rijiya aka cafko igiyar. Lamisi, wadda ta shekara huɗu tana jin ƙarar kofin nan daga ɗakinta, ta tashi da muciya.

"Ƙanina yana gargara kina sha a kansa? La'ananniya!"

Muciyar ta sami bakinta. Haƙori ɗaya ya faɗo a cinyarta. Ta ɗauke shi ta ƙulle a bakin zani, don kar yara su taka. Malam ya ce a yi wa bawan Allah wanka bakwai, a sa turare, najasa ce aka zuba masa ba da saninsa ba.

Ba a taɓa ganin jana'iza irinta a Maamobi ba. Sahu ya fita har kan titi, motoci suka tsaya. Tsofaffin sojoji suka zo da lambobinsu.

Ranar sadakar uku aka dafa shinkafa da wake tukunya huɗu. Wadda ta fi kowa iya ta a unguwar ba a bar ta ta matsa kusa da murhu ba, saboda hannu. Kanwa ta yi yawa, kowa ya ci ya yi shiru. Tana zaune a lungu kan tabarmar takaba, jaririn Fusena ya rarrafo ya kama zaninta. Ta ɗauke shi, ta ɗora a ƙafar da ke da lafiya. Fusena ta zo, ba faɗa, ba kallo.

"Kawo shi, Mma."

Ta miƙa shi.

Lamisi kuwa ta zazzage saiwoyin daga koriyar kwalbar, ta shanya su a kan faifai. Ta ce itace bai yi laifi ba, magani ne mai kyau, ɗanta Abukari ma ya fara kukan ciwon baya.

Daga waje muryar Malam Mansuru na shigowa ta kan katanga. Yana cewa a duk faɗin Maamobi ba a taɓa yin tuba irin ta marigayi ba, shekara bakwai, da jarrabawa a cikin ɗakinsa, amma bai karkata ba. Ya ce yana roƙon iyali su ba masallaci kofin da marigayi ya dawo da shi daga yaƙi, a ɗora a kan randar sahun gaba, masu salla su riƙa sha suna tunawa.

Aka nemo kofin. Lamisi ta shinshina, ta yamutsa fuska, ta cillo shi kan tabarmar takaba.

"Ke kika ɓata shi. Wanke."

Abibata ta juya wa katanga kunnenta na hagu, wa'azin ya koma ruwan sama a kan kwano. Ta jawo toka da soso. Ta wanke kofin sau ɗaya, ta shinshina. Ta sake wankewa. A na uku warin ya fita.